Baba, An Kori Malam Habu Daga Makarantarka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Allah ya gafarta Malam. Gaisuwa da ladabi da biyayya daga ɗanka Sule, wanda ka bar wa buzunka da zaurenka a Kudan. Na san ba a kai wa kabari wasiƙa, amma maganar nan ta fi ƙarfin in riƙe ta ni kaɗai.

Bayan rasuwarka, da yaƙin Turawa ya yi zafi, sai doka ta sauko. Duk malamin da ke riƙe da ɗalibai daga ƙasar Faransi, dole ya tsaya musu, ya kai su gaban hukuma a gan su. Wanda ba shi da takardar shigowa a mayar da shi. Malamin da ya ɓoye mutum ɗaya kuwa, a rufe makarantarsa.

Ka san baƙinmu. Samarin da suka zo daga baya duk suna da takarda. Malam Habu ne ba shi da ita. Ina zai samo ta? Da ƙafa ya biyo ka daga Damagaram tun ba a haife ni ba. A nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa. Shi ya ɗora ni a kan baƙi da wasali, shi ya yi maka wanka ranar da ka cika.

Muka tafi Makarfi ranar da aka sa mana. Aka jera su a rana, Baba, har da shi da furfurarsa, Bature yana zaune a inuwa. Tafinta ya nuna shi da baki ya tambaye ni, wannan ɗan ƙasa ne ko baƙo?

Na so in ce ƙanin ubana ne. Wallahi maganar ta zo har bakina. Sai na tuna zauren da masu ɗaukar karatu a cikinsa, na haɗiye ta. Ina tsaye ina kallon ƙasa, sai shi ya amsa.

"Ni baƙo ne, ranka ya daɗe. Karatu na zo yi, ban gama ba."

Tafinta ya yi dariya ya juya maganar, Bature ma ya murmusa. Aka ce kafin a yanke gero ya bar ƙasar.

A hanyar dawowa ya tsaya a gonar wani ya roƙi rake, ya karya, ya miƙo mini rabi kamar yadda yake yi ina yaro. Na kasa sha.

Kwanakin da suka rage, kullum da hantsi sai ya zo da littafinsa ya zauna a gabana cikin ɗalibai, ya biya, ya jira in fassara masa. Ni da ya koya wa riƙe allo. Ban iya haɗa ido da shi ba ko sau ɗaya.

Ranar tafiya ya je kushewarka ya daɗe. Inna ta ƙulle masa mazarƙwaila da dakakken gero, tana kuka daga bayan ƙofa. Na raka shi har muka wuce fadama, sai ya karɓi ƙunshinsa daga hannuna.

"Koma, Sule, mutane na jiranka. Kada ka bar zauren Malam ya huce."

Har yau ba mu ji ko ya isa ba. Ba mu ma san ko yana da sauran dangi a can ba.

Makaranta tana nan, ba a rufe ba. Mutanen gari suna cewa na yi hankali. Amma a makon jiya wasu samari biyu suka yi sallama daga Maraɗi, ƙafafunsu duk sun faffashe. Baba, kafin in sa a kawo musu ruwa, sai na ji bakina yana tambayarsu takarda. Ɗayansu ya dube ni ya ce, ko sun yi ɓatan kai ne, gidan Malam suke nema.

Babana, ka yafe mini. Allah ya haskaka makwancinka, ya kai Malam Habu hannun masu tausayi, ya sa idan mun haɗu in iya ɗaga kai in dube ku.

Ɗanka mai kewarka,
Sule