Amyar Bayan Rumbu

Roni.

Zuwa ga ƙanwata Dela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na rubuto ne na ba Sama'ilu direba, don kin san waya ba ta kamawa a ƙauyenmu sai an hau dutse, ni kuwa gwiwata ta ƙi.

Jikin Baba ba daɗi. Ƙugun da ya karye sanda ya faɗo daga ɗorawa ya ɗoru, amma ya daina cin abinci. Malamin asibiti ya ce ba shi da ciwon suga, a ba shi kunu da zuma. Na sayo zuma a kasuwar Gwiwa, ya lasa, ya ture kwanon, ya ce: "Mutumin da ya yi shekaru yana kafa amya za a ba ruwan rake?" Ya juya fuska bango. Dela, tsoro nake ji. Wuyansa duk ya zurma.

Ki gaida mutanen gida.

Yayarki,
Tasalla

*

Kazaure.

Yaya Tasalla,

Wa'alaikumus salam. Na karanta takardarki na yi kuka, sannan na share hawaye na ɗaura zane. Kin san ni ba na zama.

Wata maƙwabciyata ta koya mini gyaran zuma da man ƙamshi. Ba turaren jiki ba, kada ki ce na haukace; mai ne da ake tatsa daga ganye da kayan yaji, irin wanda aka rubuta a kwalbarsa cewa ana ci. Sai ki ɗan ɗumama zumar a cikin ruwan zafi, ki ɗiga, ki juya. Ga kwalba biyu nan: ɗaya da man kanumfari, ɗaya da na na'a-na'a. An ce suna buɗe ciki. Idan Baba bai lashe cokali ba, ki canza mini suna.

Ki ce masa autarsa tana gaishe shi, ta durƙusa har ƙasa.

Taki,
Dela

*

Roni.

Dela,

Salamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. To, sai ki fara neman sabon suna.

Hannunki ya yi nauyi, yarinya. Na buɗe ta kanumfarin, ɗakin ya ɗauka kamar teburin mai kayan yaji. Baba ya lasa, harshensa ya mutu, ya ce: "Gaya wa Dela haƙorina ba ya ciwo." Ta na'a-na'ar kuwa, cewa ya yi ko man goge baki kika aiko masa. Na ɗanɗana da kaina, sai da na sha ruwa moɗa guda.

Amma kada ki ji haushi. Da ya faɗi haka ya yi dariya, kuma rabon da in ji dariyarsa tun kafin faɗuwar. Kunun dai bai sha ba. Jiya na ji yana faɗa wa bango cewa zumarsa tana da wani ƙamshi da ba a sayarwa. Na tambaye shi wane iri, ya ja mayafi ya rufe kansa.

Ki huta lafiya.

Tasalla

*

Kazaure.

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Na ji haushi mana!  Amma gaskiyarki ce, ɗigo na yi ta zubawa ina cewa mai yawa ya fi magani. Maƙwabciyata ta yi mini faɗa, ta ce man yana da ƙarfi, tsinke ake tsomawa a cikinsa a juya a zuma, shi ke nan, kuma ga mai jinya a fara tambayar asibiti. Na tambaya, sun ce ba laifi.

Ga ta ƙarshe nan, da man ciyawar lemo, wadda ake sawa a shayi. Ban san me ya sa ba, ina buɗe kwalbar sai na tuna rigar Baba idan ya dawo daga daji. Idan wannan ma ya ƙi, zan bar shagona in taho da kaina in yi ta yi masa surutu har ya ci don in yi shiru.

Dela, ko duk sunan da kika zaɓa

*

Roni.

Dela,

Salamu alaikum. 

Da hantsi na fito da Baba tsakar gida ya sha rana. Na buɗe kwalbarki, na lakata a kunu, na manta ban rufe ba. Can sai ga ƙudan zuma suna kewaya ta, wasu na bin wasu. Na ɗauki mafici zan kore su, Baba ya daka mini tsawa da muryar da na ɗauka ta tafi: "Kul! Miƙo mini."

Ya shinshina, ya daɗe, ya ce: "Nobe." Ashe wata ciyawa ce mai ƙamshi irin na ciyawar lemo da yake goga wa cikin amya kafin ya ɗaura ta a bishiya, don ta jawo ƙudan zuma. Ƙamshin da yake nema ke nan, ba mu taɓa sani ba.

Ya sa na jawo tsohuwar amyar nan ta bayan rumbu, na kakkaɓe ta, ya shafa mata zumarki a baki da yatsansa. Yana ba ni umarni yana kurɓar kunu, bai ma lura ba sai da ya ga gindin kwano. Na shiga ɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Yayarki,
Tasalla

*

Roni.

Zuwa ga Dela, daga mahaifinta Muhammadu Lawal. Tasalla ce ke rubutawa.

Assalamu alaikum. Zumarki har yanzu ba ta kai tawa ba. Amma ƙudan zuma sun shiga amyar. Mun ɗaura ta a reshen ƙasa na tsamiyar bayan gari, inda mai sanda zai iya kaiwa.

Kada ki rufe shago yanzu. Ki bari sai an zo cire zuma, ki taho da kwalbar da babu komai a ciki, ni zan cika miki.

Sunanki yana nan yadda na raɗa miki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki