Sun Riƙe Min 'Ya Saboda Na Ƙi Kwanciya Jinya

Assalamu alaikum admin da mutanen wannan gida. Admin a ɓoye sunana, ko da yake na san akwai 'yan uwana a guruf ɗin nan, in sun karanta za su gane kansu, kuma ko a jikina. Don Allah ku ba ni shawara. Amma shawara na ce, wanda ya san "ki yi haƙuri" kawai zai rubuta min ya riƙe abinsa, na ji ta har ta gundure ni.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, shekarata arba'in da ɗaya, a Gumel nake aure. Maigidana hatsi yake fatauci tsakanin Maigatari da Damagaram. Shekararmu goma sha tara tare, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ina da ƙane da yake zaune a gidanmu na gado a Sule Tankarkar, lokacin da aka tashi yaye 'yarsa ta biyu Innarmu tana da rai, ita da kanta ta goyo yarinyar ta kawo min har ɗaki, ta ce ba yaye na kawo miki ba, riƙo ne, ga 'yarki nan. A gaban uban yarinyar da uwarta ta faɗa, babu wanda ya ce uffan. Sunan Inna ta ci shi ya sa muke ce mata Ummi. Ni na sha kukan yayenta, ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na riƙe hannunta ranar da ta fara zuwa makaranta. Yanzu shekararta tara, tana aji huɗu, ni take ce wa Mama, wadda ta haife ta kuma Anti take ce mata.

Watannin baya na ji wani ƙullutu a mamana na hagu, aka tura ni Kano, aka yanki ɗan nama aka auna, likita ta ce ciwon daji ne. Aka yi min aiki, aka ɗora ni a kan kimo, wato ƙarin ruwan magani da ake yi duk bayan sati uku. Takwas aka rubuta min, na yi biyar. Ba zan yi muku ƙarya ba, kimo azaba ce, kwana uku na farko amai nake yi kamar zan fitar da hanjina, bakina ɗaci kamar na tauna ganyen darbejiya, gashina ya zube tas, farcena suka yi baƙi. Amma rana ta biyar nakan tashi. In ɗaura ɗankwali, in zumbula hijabi, lalle ya rufe min farcen, in tare adaidaita in sauke Ummi a makaranta in wuce ofis. In dawo in ɗora tukunya, in zauna a kanta ta yi aikin makaranta, ran Asabar in yi mata kitso tana ƙorafin na ja mata. Ummi ta san Mama ba ta da lafiya tana shan magani mai ƙarfi, ranar da ta fara ganin kaina sai ta ce saura hula in bi Abba, wato maigidana, masallaci, muka yi ta dariya. Wannan rayuwar ita take riƙe da ni, kuma likitata ma ta ce in dai jikina ya yarda in ci gaba da harkokina, abu ɗaya ta ja min kunne a kai, in guji cunkoso da masu mura domin bayan kimo jikina ba ya iya kare kansa.

Daga ni sai maigida muka san zancen, har zuwa kimo na uku. Lokacin motar kayansa ta maƙale a boda, ba mai raka ni Kano, sai na kira Yayata da take aure a Gagarawa. Na roƙe ta ta riƙe min sirri, ta ce haba, ita yarinya ce? A hanyar dawowa ta ga ina amai a leda, ɗankwalina ya zame ta ga kaina, ta kama kuka har direba ya tsaya yana tambaya ko rasuwa aka yi. Kafin sati ya zagayo har tsohuwar da rabona da ita tun bikina ta san wane ɓangaren aka yanka.

Sai aka fara dubiya. Mota guda daga Sule Tankarkar, mata da yara masu majina, su cika min falo tun hantsi har la'asar. Wannan ta kalle ni ta fashe da kuka, waccan ta ce ai irinsa ne ya kashe matar wane, wata uku kacal ta yi, ta kusa da ita ta gyara mata ta ce a'a, wata biyu ne. A gabana, a gaban Ummi. Kuma ni da aka zo dubawa ni ce a kicin, don ba wadda ta taɓa tunanin mutum goma sha biyar abinci za su ci. Wata ta zo min da jarkar fitsarin raƙumi da ta sa aka samo mata ran kasuwar Maigatari, ta tsaya a kaina sai na sha ta gani. Wata ta ce in daina zuwa asibiti, daji ba ya son allura, yanzu ma yankan da aka yi ne ya tsokano shi. Matar ƙanena kuwa da gorar ruwanta ta zo, ta ƙi taɓa kofinmu, ɗanta ya hau gadona ta fizgo shi kamar ya taka wuta. Bayan tafiyarsu zazzaɓi ya kwantar da ni, da na je Kano aka auna jinina aka ce ya yi ƙasa, aka ɗaga min kimo da sati guda. Daga nan na ce an gama, mai son yi min addu'a ya yi daga ɗakinsa, tana isowa.

To ga inda na yi nawa, ba zan ɓoye ba. Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba da ya rage mana, ya aiko zai zo duba ni ran Talata. Na ce a gaya masa ya bari sai Asabar, kuma ya zo shi kaɗai. Ran Talata da safe sai ga shi da ayari, suka tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabciyata ta ce musu ai ta tafi aiki. An kira ni, na ga kiran, ban dawo ba. Aikin da ke gabana bai kai ya hana ni ba, da gangan na yi, ina so su ga cewa wadda suka zo yi wa kallon ƙarshe tana ofis tana buga takarda. Suka zauna a gindin bishiya har azahar suka juya. Kun san yadda ake ɗaukar wannan a wajenmu, a ce an zo dubiya an rufe wa dattijo ƙofa. Zance ya zama na wulaƙanta Baffa, na raina dangi, wasu suka ce boko ne, Yayata kuma ta ce a yi min uzuri ciwon ne ya fara taɓa min kai. Wannan uzurin nata ya fi zagin ƙona min rai.

Duk hutun ƙarshen zango Ummi takan je Sule Tankarkar ta yi sati ta dawo, haka muke yi tun tana ƙarama. Da aka yi hutun nan ƙanena ya zo da kansa, da fara'arsa, har yana ce min na yi kyan gani. Na yi mata sabon kitso, na haɗa mata kaya kala biyar, ban kawo komai a raina ba. Sati ya wuce, na kira, ya ce a bari ta ƙara kwana biyu. Makarantu suka koma, ya daina ɗaga wayata. A bakin wata 'yar garinmu da muke aiki tare na ji wai an sa Ummi a firamare a can, har an ɗinka mata yunifom. Da na samu ƙanena ta wata lambar sai kame-kame, wai shawarar manya ce, shi ba yadda zai yi. Matarsa ta karɓi wayar ta ce 'yarta ce, ba za ta bari ta ɗauki ciwo ba, kuma bai kamata yarinya ta ga abin da ke tafe ba. Na tambaye ta shekara bakwai tana ina, na gaya mata ko lambar takalmin yarinyar ba ta sani ba, na ƙara da wasu maganganun da admin ba zai bari su fita ba. Ban yi nadamar ko ɗaya ba.

Hukuncin Baffa shi ne, mace mai irin wannan ciwon gida take komawa jinya, haka aka yi wa Gwaggonmu, haka ake yi wa kowa. In ajiye aiki, in tattaro in koma ɗakin Inna, dangi su kula da ni, ga Ummi kusa ina ganinta. In na ƙi, yarinya tana wajen ubanta. Maigidana ya ɗauki amininsa suka je ba da haƙuri, Baffa ya karɓe su da mutunci, ya ce masa Alhaji ba a raina ƙoƙarinka ba, amma yarinyar nan ba jininka ba ce, maganar ta cikin gida ce. Mutumin da ta yi shekara bakwai tana ce masa Abba. Ya dawo, yanzu shi ma cewa yake in bari in gama kimo ukun da suka rage. Ukun nan sati tara ne, bayansu kuma akwai gashin wurin ciwon da za a yi min da na'ura a Kano, kafin nan Ummi ta gama sabawa da can. Ɗakin Inna kuma na san shi, na ga yadda aka yi da Gwaggo, katifa a ƙasa, kwanonta daban kofinta daban, kowa ya shigo ya zauna ya zuba mata ido, ba a barinta ko tsintsiya ta ɗauka. Wallahi in na shiga ɗakin nan na san ba da ƙafata zan fito ba, kuma ba ciwon ne zai kashe ni ba.

Kimon da aka yi min na biyar, bayan an riƙe Ummi ne. Rana ta biyar ta zo ban tashi ba, ta shida ma haka, sai ta takwas na iya zuwa ofis. Jikin bai fi na da ciwo ba, kawai dai babu wadda zan tashi in shirya.

Shekaranjiya da la'asar sai ga kira da lambar matar ƙanena. Na ɗauka da shirin faɗa, sai na ji muryar Ummi. Na rasa ma me zan fara tambaya, na ce wa ya tsefe miki kai, kina cin abinci, ya makarantar. Sai ta ce, a hankali kamar mai ba da hadda, "Mama, ki yafe mini duk abin da na yi miki." Ina jin wata murya a bayanta ana raɗa mata, ce mata duniya da lahira. Ta maimaita. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san lokacin da ake sa yaro ya faɗi wannan. Na kashe wayar. Sun sake kira sau biyu ban ɗauka ba.

Yanzu ku gaya min. In ɗauki mota in je ƙofar makarantar in ɗauko 'yata, duk abin da zai faru da zumunci ya faru? In na yi haka ubanta yana da ikon zuwa ya sake ɗauke ta, wannan na sani. Ko in ajiye aikina da gidana in je in kwanta musu yadda suke so, don dai ta riƙa ganina? Masu ilimin addini da masu sanin shari'a a cikinku, riƙon da Innarmu, kakar yarinyar, ta bayar da bakinta a gaban shaidu, ba shi da wani nauyi bayan ta rasu?

Kafin duk wannan ma, ku fara gaya min abin da zan ce wa yarinyar, don dole in kira ta. In na ce na yafe, na tabbatar mata da abin da suka gaya mata, cewa tafiya zan yi. In kuma na ci gaba da shiru, kwana biyu ke nan 'yar shekara tara tana can tana zaton Mamanta ta ƙi yafe mata.