Mai Matsa wa Auta Ƙafa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Tunda kunnenki ya raba mu da waya, ga takarda ta hannun direban da ya saba.

Ƙugun ya warke, har ina zaga tsakar gida ba sanda. Saura ƙwayar kashe zafin da aka ɗora ni a kai tun da na faɗo daga rufin nan. Likita ya ce lokacin rabuwa da ita ya yi, yana rage min a hankali. Ita kuwa ta ƙi sakina. Barci ya ƙaurace min, Yaya. Hamma har muƙamuƙina na ciwo, ga gumi ga sanyi, da na kwanta kuma sai ƙafafuna su ɗauka, kamar tururuwa na yawo cikin ɓargo. Na haddace duk wata tsaga da ke silin. Kafinta guda, ina kwance ina kallon aikin banzan da wani ya yi.

Allah dai ya saka wa matata. In abin ya tsananta sai in ji ta zauna a bayana, ta kama ƙafafun tana matsawa. Ba ta cewa uffan. Hannunta sanyi ƙalau, shi kaɗai ke kwantar da tururuwar.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da sauƙi. Tun kana goye kake hana mutane barci, yau ga shi ka hana kanka.

Ka saurare ni, ni da ba na sauraron kowa. Ka bar shayi da yamma. Da safe ka fita rana ta dake ka, ka taka ko zuwa bakin titi ne. In ka kwanta ya ƙi zuwa, kada ka tsaya kokawa da katifa, tashi ka zauna, ka samu katako kana gogewa har ido ya yi nauyi. Duk abin da kake ji kuma ka faɗa wa likita, ban da jarumtar banza.

Matarka kuwa ka ce ina gaishe ta da hidimar dare. Mai raba dare tana matsa ƙafar ƙato irinka ta cancanci zane.

Yayarka

*

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa cikin girmamawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, a tsaye nake yi kafin direba ya tashi.

Ni na karanta wa ƙanenki wasiƙarki, saboda idonsa ba ya tsayawa kan rubutu. Da na kai wajen hidimar dare sai na sauke takardar. Yaya, ni ba na kwana a gida. Tun da ya bar aiki na karɓi aikin dare a gidan burodi. Shi da kansa yake raka ni bakin ƙofa, ya sa sakata, ba ya zarewa sai na ƙwanƙwasa da safe. Yaran suna wurin mahaifiyata. Ba kowa a gidan sai shi.

Na ɗaga kai na dube shi, ya yi min murmushi ya ce, “Kin ji ko? Har zane za ki samu.” Na kasa faɗa masa.

Ƙwayar tana jakata, da ita nake tafiya, ina ba shi yadda likita ya tsara. Ba na zargin ya ɓoye wata, na birkice ɗakin kaf. Abin da na gani kawai, kujerar ɗinkina da ke falo kullum ina tarar da ita a ƙarshen gado. Na mayar, gobe ta dawo.

In na bar aikin ba mu da abin sawa a baki. In na tafi kuma, hannuna na cikin ƙullu hankalina na gida. Ki ba ni shawara.

Matar ƙanenki

*

Yaya,

Sallama. Kada ki nuna wa kowa wannan.

Na bi maganarki, ina fita rana, na goge katako har ya zama madubi. Da rana nakan ɗan sace gyangyaɗi. Amma mai matsa ƙafar ta fara magana.

Muryar matata ce sak, har yadda take jan sunana. Ta ce, “Ka wahala haka nan. Guda ɗaya kawai, ka yi barci, wa zai sani?” Ta ce mai kemis na kwanar titi yana buɗewa da wuri, kuma ba ya tambayar takardar likita. Daɗin da maganar ta yi min, Yaya, har hawaye na yi.

Sai na ja numfashi. Matata ko wanka ta yi ƙanshin burodi ba ya barin jikinta. Wannan ba ta da ƙanshin komai, ko na mutum. A nan na tuna cewa da hannuna na sa sakata bayan fitar matata. Ban juya ba. Na damƙe bakin katifa ina karanta duk abin da ya zo bakina, ita kuma ta ci gaba da matsawa a hankali, ba ta ko yi fushi ba.

Shekaranjiya na farga na gan ni a bakin ƙofa, sakata a zare, takalmi ɗaya a ƙafa. Ban san sanda na tashi ba. Na mayar da sakatar na zauna a ƙasa, na jingina bayana da ƙofa har gari ya waye.

Na san rashin barci ne. Na sani. Amma yau ma za ta zo, kuma ban san iya inda ƙarfina zai kai ba.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ka ba matarka wannan takarda da wadda ka aiko min, na haɗo maka, ta karanta duka. Ku je wurin likita gobe da safe, ka faɗa masa har batun takalmin. Ba hauka kake ba, kuma ba abin kunya ba ne.

Ina biye da direba a tafiyarsa ta gaba. A share min gefen gado.

Yayarka

*

Ƙanwata,

Sannu da aiki. Na maƙala miki wannan a jikin ƙofa don kada ki ƙwanƙwasa da ƙarfi, a buɗe take, ina ɗaki. Ki shigo a hankali. Mijinki yana barci, na gaske, har da minshari, ina jin sa a tafin hannuna. Sassauta ragin da likita ya yi ya taimaka, kuma gaskiyarsa, idon da ya daɗe bai runtsa ba yana iya ƙirƙiro mutum.

Sai dai ni barcina lafiya lau nake yi. Ina zaune a gefen gado, fitila a kunne, katifa ta lotsa kusa da ni kamar an zauna. Ban matsa ba. Mun daɗe a haka, kafin katifar ta taso.

Kada ki bar aikinki. Ki aika gida a kawo min sauran kayana.

Yaya