Taƙin Maitama

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Yau na kai wa Maitama allon wasanmu, karo na farko tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Jiragen ruwan nan namu na karan dawa, masu tutar takarda. Shi ya kawo wasan nan garinmu Tsiga da ya bar sojan ruwa, shi ya rubuta dokokin. Doguwar igwa tana kaiwa taƙi uku, amma sai ɗan ludo ya ba da shida. Gajeriya taƙi ɗaya tak, in ta samu jirgi kuwa ya nutse. Kowa da hannunsa yake awo. Shekara tara ke nan, da gajeriyar yake cin mutuncina.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Hannun ba ya buɗuwa. Taƙinsa bai kai faɗin kwalin ashana ba. Na nutsar masa da jirage huɗu daga nesa, ko daɗi ban ji ba.

Talata, 12 ga Nuwamba
Na ce mu yanki kara ya zama ma'aunin kowa. Ya ce, "Malam, sadaka ka zo yi mini?" Na ce to auna da hagu. Ya ce da hagun yake cin tuwo? Taurin kai kamar na jaki! Hajjo matarsa ta tare ni a zaure, ta ce wasan nan kaɗai ke fito da shi daga ɗaki, in ya daina shi ke nan.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Ya ce in kwashe allona, ya gaji. Wallahi ban san abin yi ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba
Na koma, na ce wasa ɗaya na bankwana. Ban san yadda aka yi babban jirgina ya matsa har gab da nasa ba. Ya ɗora hannun a allo, yana ƙoƙarin buɗe yatsun, yana gumi. Na kau da kai ina kallon buhunan masara. Can na ji ya ce, "Ta kai." Na duba, gajeriyar igwarsa ta kai ɗin.
Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, tsufa ya fara taɓa maka lissafi." Na ce haka ne.
Ya ce in bar allon a nan.