Tukunyar Kaka Kulu a Tudun Makaranta

Tudun makaranta, 6 ga Satumba

Ƙawata Umaima,

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, tunda an ce kin kusa zama dokta. Wace tsohuwa ce ba ta da baki amma kullum sai ta ci, in an hana ta sai ta rufe ƙofa ta kwanta, ba ta mutu ba, ba ta kuma motsi? Kika ce ni ce, sai na ja miki kunne.

To, assalamu alaikum. Yaya jikinki, yaya Kano, yaya karatun da ya ƙi ƙarewa? Mu dai alhamdulillahi. Ruwa ya ci gari, ya ci shinkafar fadama. Kwananmu tara a ajin firamare, gida goma sha ɗaya a ɗaki uku. Duk inda ka juya ruwa ne da ciyawar kacala. Wayoyi sun mutu. Modu mai kwalekwale shi ne hanyarmu, shi ma sai ya wuni yana saran kacala kafin ya kai titin Hadejia. Shi ya kawo min takardarki daga hannun Kawunki Ahmed.

Na karanta sau uku, kin san bokon nawa na yaƙi da jahilci ne. Abin da na gane, wuta ta lalace a ɗakin bincikenku, firiza ta narke, 'ya'yan tsamin da kika ɗiba a tukunyata shekara bakwai da suka wuce duk sun mutu, kuma malamanki ba za su sa hannu ba sai kin maimaita gwajin da irinsu. Na ga inda hawaye ya ɓata tawada, kar ki ce min ruwan shayi ne.

Share fuskarki. Ran da ruwa ya shigo, Saude matar Kawunki ta ɗauki katifa, ni na rungumi tukunyar tsamin ƙullun sinasir. Tana nan kusa da kaina. Na gaje ta wurin uwata, ba ta taɓa kwana uku ba a ciyar da ita ba. Ba zan ba Modu ba, majinyata yake lodawa, kuma ke kika ce kar ta gauraya da ruwan kogi. Sai kin zo da kanki.

Ki gaida malaman naki marasa tausayi.

Kakarki,
Kulu

Tudun makaranta, 17 ga Satumba

Ƙawata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cin abinci, ba shan kofi kawai ba. Gwiwoyina suna gaishe ki, sun ce ba za su shiga kwalekwale ba ko gwamna ne ke tuƙi.

Ruwa bai ja ba. Na san tsage-tsagen bangon nan kamar tafin hannuna. Da safe in ƙirga su, da la'asar in sake, ko an samu ƙari. Shinkafar agaji ta ragu, ana auna wa kowa da gwangwani. Ni kuwa duk kwana biyu sai na jiƙa tafi ɗaya daga rabona, na daka, na zuba wa tukunya. Mata suka fara kallona. Matar liman ta tambaye ni ko aljani nake kiwo.

Sai na zaunar da su na yi musu karatu, yadda kika yi min da Sallah. Na ce a cikin tsamin nan akwai halittu da ido ba ya gani, kowace ɗaya gida ce mai ɗaki dubu shida. In abinci ya zo ta buɗe ɗakunan girki, in yunwa ta zo ta kulle su ta buɗe na barci. Na ce jikata shekara bakwai tana neman wanda ke riƙe da makullan. Suka ce me sunan halittun. Na rasa, sai na faɗi wanda nake ji a rediyo, na ce ƙwayoyin cuta. Har da ɗaga kai na faɗa, ina taƙama. Na ce na tukunyata babu irinsu har a ƙasar Turawa.

Suka dubi juna. Na ɗauka ilimi ne ya ratsa su.

Ki yi ta addu'a hanya ta buɗe. Saude tana gaishe ki.

Taki har kullum,
Kulu

Tudun makaranta, 29 ga Satumba

Umaima,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Amai da gudawa sun shigo tudun nan. Mutum biyar suka kwanta, har da autar Saude, amma ta tashi, alhamdulillahi. Ma'aikatan lafiya suka zo a jirgin inji, suka raba maganin nan mai warin asibiti, suka ce a wanke duk mazubin da zai iya ɗaukar ƙwayoyin cuta. Kowa ya waigo ya dubi kusurwata.

Na yi bayani har muryata ta dishe. Na ce nawa ba masu cuta ba ne, shekara hamsin suna cin sinasir ɗina, wa ya mutu? Suka ce da bakina na faɗi sunansu. Kuma gaskiya ne, da bakina na faɗa. Ranar Talata na fita alwalar azahar, kin san tafiyata, kafin in dawo Saude ta juye tukunyar a rami ta wanke ta tas. Tana wankewa tana kuka. Ban iya yi mata faɗa ba, 'yarta ce a kwance. Na ɗauki tukunyar na shinshina. Tun ina yarinya ban taɓa ganin gindinta ba sai ranar.

Kwana biyu ban yi wa kowa tsiya ba, har liman ya aiko a duba ni.

Ran Alhamis ina fifita da faifan da nake rufe tukunyar, sai wani gari ya zubo min a zane. Ƙullu ne da ya bushe a saƙar faifan, na shekara da shekaru. Saude ta sha yi min gorin ƙazantar faifan nan. Na tuna zancenki cewa in yunwa ta zo halittun nan barci suke yi. Na kankare shi da tsinke, na raba biyu. Rabi na zuba a gwangwani da garin shinkafa da tafasasshen ruwa da ya huce, na ce wa mata maganin gwiwa ne. Juma'a shiru. Asabar shiru. Yau da hantsi na buɗe, kumfa uku a sama, ina kallo na huɗu ya fashe. Ƙamshin ɗakin uwata ya bugi hancina.

Ban sani ba ko su ne ainihin naki, wannan sai madubin bincikenki ya faɗa. Ɗaya rabin na naɗe a takarda, na sa a leda biyu, yana cikin ambulan ɗin nan. Na ce wa Modu ya sa a hularsa, Kawunki kuma ya kai miki hannu da hannu. Mu an ce sai ƙarshen wata mai zuwa ruwa zai sake mu.

In kin zama doktar, aikinki na farko ki samo musu suna da Hausa, wanda tsohuwa za ta faɗa ba a wanke mata tukunya ba.

Ki gaida kowa. Allah Ya yi miki albarka.

Kakarki,
Kulu

Na manta. Tsohuwar nan tsamin ƙullu ce. Tana cikin ledar, barci take yi.