Takalman da Na Sayo wa Su Sule a Maraɗi

Zuwa ga Yaya Mamman, a Ikko.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin bakin teku. Inna na gaishe ka. Na san labari ya riga wagga takarda isowa, cewa an fitar da kwalejin su Sule a wasan kusa da na ƙarshe. Abin da ba a gaya maka ba shi ne da hannuna a ciki.

Kai Yaya, bana ka yi asarar kallo! Autanmu ya zama dodon masu tsaron raga. Duk wanda ya zo filinmu na yashi sai ya koma yana sosa ƙeya, kuma yaranmu ba takalmi suke bugawa, kamar zamaninka. Ranar da Sule ya yanke mutum uku ya zura, wani tsoho daga Magama ya cilla hularsa sama, har yau ba a gan ta ba. Direbobin da ke jiran duwan, wato kwastan, a bakin iyaka barin motocinsu suke su zo kallo.

Da aka ce Katsina za a je, na ce ina! A wanga zamani da kowa ke hawan sabon babur, yaranmu ba za su shiga birni ba takalmi ba. Mu 'yan kallo muka haɗa kai, aka wakilta ni in sayo musu. Da yake lambar takalmin Nijar ba irin tamu ba ce, sai na auna ƙafar kowa da karan dawa, na yanke, na rubuta suna, na ɗaure dami na tsallaka Maraɗi. Mai butik, wato mai shagon, har da riƙe ciki don dariya. Kowane kara na zura cikin takalmi, ya zauna cif.

Tsawo na auna, Yaya. Faɗi ko a raina bai zo ba. Ka kuwa san ƙafar da ta tashi a yashi, kamar faifai take.

Ranar karawa da 'yan Zariya, yaranmu suka shigo fili suna ƙyalli, muna ta ihu. Ba a jima ba na ga suna tafiya kamar masu taka ƙaya. Kafin hutu 'yan Zariya sun zuba mana biyu. Shekarar Sule ta ƙarshe ke nan a kwaleji, kofin da ya kuɓuce maka shi ya rantse zai kawo gida, ga shi ni na ɗaure masa ƙafa. Wallahi na ji kunya, na ji tsoron haɗa ido da shi.

Da aka dawo hutu sai ga su duk sun tuɓe takalman. Fili ya ɗauka! Suka hana 'yan Zariya sakat, ƙwallo ta bugi ƙarfe, golansu ya yi ta shawagi, har mutanen birni suka dawo bayanmu. Biyu da ɗaya aka tashi, kofi ya tafi.

Ɗayan nan Sule ne ya ci, amma ni ban gani ba, kaina na tsakanin gwiwoyina. Sai na ji an kama min kunnuwa. Ashe baro abokansa ya yi, ya tsallake igiya ya kutso cikin jama'a, dugadugansa duk jini. Ya ce, "Yaya Audu, ɗago kanka mana, naka ne wannan!"

A nan na yi kuka, gaban kowa.

Ka yafe min kamar yadda ya yafe. Allah ya warkar masa da ƙafa, ya ba shi sa'ar jarrabawa, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ƙaninka mai kewarka,
Audu, Jibiya.