Motar da Kaji Ke Ƙwai a Cikinta

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarka? Yaya Mama da su Ofelia? Da fatan masara ta yi kyau a Jerez.

Ni lafiya lau nake a Wisconsin, nan Amurka. Yatsuna biyu da inji ya matse sun warke, sai dai ba sa lanƙwasuwa da safe. Ba wani abu ba ne.

Ka tuna tsohuwar motar nan mai kujera biyu da na ce maka mun jawo daga rumfar gonar maigidana, Mista Halvorsen, kaji na ƙwai a cikinta? Wata bakwai ina kanta. Na sauke injin na sake haɗa shi, na canza birki, na rage mata nauyi. Ranar da ta tashi, tsohon ya dafa ta ya lumshe ido. Ya ce, "Haka take kuka lokacin da nake neman auren marigayiya matata."

Jiya muka kai ta filin tsere gwaji. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Idona ya daina ganin kwanar hanya, Efraín. Kai za ka ja ta a tseren ran Asabar."

Baba, da na taka ta, sai na ga kamar hanyar gida ce ta miƙe a gabana, har na hango ka a ƙofar gareji kana goge hannu. Da ƙyar na yarda na taka birki.

Kada Mama ta ji sai Lahadi. Ka sa mini albarka, ka kuma zauna kusa da waya.

Ɗanka,
Efraín